Idan an rage haraji masu kuɗi suka fi cin moriya, zalunci ne ko lissafi ne kawai?

Tambaya: Kullum aka rage haraji a wata ƙasa sai a yi ta ihu wai masu kuɗi ne suka kwashi kaso mafi tsoka. Ni kuwa abin ya ɗaure mini kai. Ai su ne suka fi biya tun farko. Wanda ya zuba da yawa, in an zo mayar da rara dole nasa ya fi yawa. To ina rashin adalcin?

Amsa: Malam, lissafinka daidai ne, kuma zan fara ba ka gaskiyarka kafin in nuna maka inda maganar ta tsaya. A duk ƙasar da haraji yake hawa yadda samun mutum yake hawa, da wuya a rage shi ba tare da na sama ya fi kowa ganin kuɗi a hannu ba. Wanda ba ya biyan komai ba abin da za a rage masa. A Amurka, mutum 1 cikin 100 da ke can ƙololuwa su ke biyan wajen kashi 40 cikin 100 na dukkan harajin kuɗin shiga da gwamnatin tarayya ke karɓa daga ɗaiɗaikun mutane. Rabin jama'a masu ƙaramin samu kuwa, in ka haɗa abin da suke biya gaba ɗaya, kashi 2 zuwa 3 ne kacal. Wanda ya ga haka ya ce dole attajiri ya fi amfana bai yi ƙarya ba.

Sai dai maganarka ta bayyana abin da ya sa kuɗin ya nufi can ne kawai. Ba ta ce komai ba game da ko ya dace a yi ragin ta wannan hanyar, alhali akwai wasu hanyoyin, kuma ba ta ce komai ba game da wanda zai cike ramin da ragin ya bari. Kalmar "rara" da ka yi amfani da ita ma tana ɗauke da zato cewa gwamnati ta karɓi fiye da buƙatarta. Galibin rage harajin da ake faɗa a kansu an yi su ne a lokacin da kasafin kuɗi yake da giɓi.

Bari mu zauna da alƙalami, don wannan magana ba ta fitowa sai da lissafi. Mu ƙaddara mutum uku a wata ƙasa, ko da wane irin kuɗi suke amfani. Na farko yana samun 20,000 a shekara, yana biyan 1,000. Na biyu yana samun 100,000, yana biyan 20,000. Na uku yana samun 1,000,000, yana biyan 350,000. Sai gwamnati ta ce ta yi wa kowa ragi iri ɗaya: kowa ya cire kashi 10 cikin 100 na abin da yake biya. Na farko ya tsira da 100, na biyu 2,000, na uku 35,000.

Yanzu saurari yadda 'yan siyasa biyu za su karanta wannan takarda ɗaya. Mai adawa zai ɗaga ta ya ce: cikin 37,100 da aka yafe, mutum ɗaya ya kwashi 35,000, wato kashi 94 cikin 100. Mai goyon baya zai ɗaga ta ya ce: kowa kashi 10 aka rage masa, ba a fifita kowa ba, kuma attajirin nan har gobe shi ke ɗauke da kashi 94 na nauyin kamar yadda yake ɗauke da shi jiya. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma dukansu sun kauce wa ma'aunin da masana haraji suka fi yarda da shi, wato da kashi nawa abin da ya rage a hannun mutum bayan haraji ya ƙaru. Na farko da yana komawa gida da 19,000, yanzu 19,100: ƙarin rabin kashi ɗaya cikin 100. Na biyu ya tashi daga 80,000 zuwa 82,000: kashi 2.5. Na uku ya tashi daga 650,000 zuwa 685,000: kashi 5.4. Ka ga ragin da aka kira "iri ɗaya" ya buɗe tazarar da ke tsakaninsu. Jiya abin hannun na uku ya ninka na na farko sau 34, yau ya kusa sau 36.

Dalilin da ya sa nake riƙe da wannan ma'aunin shi ne mutum ba da harajinsa yake rayuwa ba, da abin da ya saura yake rayuwa. Ragin da ya ƙara wa kowa kashi iri ɗaya a kan abin hannunsa ya bar tazara yadda take. Wanda ya fi ƙara wa na sama ya karkata sama, ko da wane suna aka raɗa masa. Da wannan ma'auni aka auna dokar rage haraji ta Shugaba Trump ta 2017, wadda ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, ta kuma sauke matakin ƙoli na harajin mutane, wato kashi mafi girma da ake karɓa a kan samun da ya haura layin ƙarshe, daga 39.6 zuwa 37. Cibiyar binciken haraji ta Tax Policy Center ta ƙiyasta cewa a 2018 kashi ɗaya bisa biyar na jama'a mafi ƙarancin samu za su samu ƙarin kashi 0.4 a kan abin hannunsu, kimanin dala 60 a shekara. Na tsakiya kashi 1.6, kimanin dala 930. Na ƙololuwa, mutum 1 cikin 100, kashi 3.4, kimanin dala 51,000. Yawancin mutane sun samu ragi, wannan ba a musu. Amma ko an ajiye maganar dala an koma ga kashi, ya fi nauyi ta sama.

Akwai wata dabara da ya kamata ka sani, don za ka ci karo da ita. Ana iya tsara ragi yadda attajiri zai kwashi mafi yawan kuɗin, amma kasonsa na jimlar haraji ya ɗan ƙaru. A misalinmu, yafe wa na farko 1,000 ɗinsa duka, rage wa na biyu 2,000, rage wa na uku 17,500. Na uku ya ci fiye da kashi 85 na ragin, amma tunda jimlar ta ragu, kasonsa a cikinta ya ɗan haura. Sai minista ya fito ya ce mun ƙara wa masu kuɗi nauyi. Duk lokacin da ka ji ana maganar "kason da suke biya" ba a maganar abin da ya saura a aljihu, ka buɗe ido.

To yanzu mu koma kan kashi 40 ɗin nan da na fara da shi, don akwai gyara a cikinsa. Harajin kuɗin shiga guda ɗaya ne cikin haraji masu yawa, kuma kusan shi kaɗai ne yake hawa da samu sosai. Ɗauki takardar albashin ma'aikaci a Amurka ka duba layukan da ake cirewa. Ƙarƙashin harajin kuɗin shiga akwai wani layi na asusun fansho na ƙasa, kashi 6.2, kuma mai ɗaukar aiki yana zuba wani 6.2 ɗin. Wannan daga dalar farko ake fara cire shi, babu rangwamen ƙaramin albashi. Amma yana da rufi: a 2024, da zarar albashi ya wuce dala 168,600 an daina cirewa. Ma'ana, mai albashin 168,600 da mai albashin miliyan 10 kowa dala 10,453 ya biya. Ga na farko kashi 6.2 ne, ga na biyu kashi ɗaya bisa goma na kashi ɗaya. Masu kare tsarin za su ce ai fanshon da za a karɓa ma yana da rufi, kuma haka ne. Sai dai ga dimbin masu ƙaramin albashi wannan layin ya fi layin harajin kuɗin shiga girma. A 2012 da ɗan takarar shugabancin Amurka Mitt Romney ya yi maganar kashi 47 na Amurkawa da ba sa biyan harajin kuɗin shiga, da yawa daga cikinsu ma'aikata ne da ake cire musu wannan kuɗi duk wata, wasu kuma tsofaffi ne da suka gama biyan nasu.

Sai harajin sayen kaya, irin VAT da aka fara a Faransa a 1954 wanda yanzu ya karaɗe mafi yawan ƙasashen duniya. A kanti kowa kashi ɗaya yake biya, shi ya sa yake kama da adalci tsantsa. Amma mai ƙaramin ƙarfi duk abin da ya samu kashewa yake yi, wani lokaci har da na bashi. In harajin kashi 10 ne, kusan kashi 10 na dukkan samunsa ya tafi. Wanda yake kashe sulusin samunsa ya ajiye sauran, kusan kashi 3 ya biya. Shi ya sa ƙasashe da yawa suke cire kayan masarufi da magani daga ciki. Wannan cirewar ma ba ta gama magance abin ba, don mai kuɗi ya fi sayen kayan masarufin da yawa, saboda haka a kuɗi tsaba shi ya fi cin rangwamen.

Inda abin ya fi ɗaukar hankali shi ne can saman sama. Daga talaka zuwa likita ko babban lauya, haraji yana hawa lafiya lau, don samunsu albashi ne kuma hukuma tana ganinsa kafin su gan shi. Daga nan zuwa mai biliyoyi sai tsanin ya fara lanƙwasa, don shi samunsa ba albashi ba ne, hauhawar darajar hannun jari ne da kadarori. A Amurka matakin ƙoli na albashi kashi 37 ne, amma ribar kadarar da aka riƙe fiye da shekara ba ta wuce kashi 20, da wani ƙarin 3.8. Kuma ba a biyan komai sai ranar da aka sayar. In bai sayar ba fa? Sai ya jinginar da hannun jarin a banki ya karɓi rance ya yi hidimarsa, rance kuwa ba a yi masa haraji. In ya mutu, doka tana ɗaukar darajar kadarar ta ranar mutuwa a matsayin farashin da magada suka same ta, sai ribar shekara da shekaru ta shuɗe ba tare da harajin riba ya taɓa ta ba. Akwai harajin gado, amma sai dukiya ta kai miliyoyin dala masu yawa yake fara aiki, kuma masu irin wannan dukiya suna da lauyoyin da aikinsu ke nan.

Hamshaƙin attajirin Amurka Warren Buffett da bakinsa ya faɗa a jaridar New York Times a 2011: abin da ya biya a shekarar da ta gabata kashi 17.4 ne na samunsa da ake yi wa haraji, ƙasa da na kowa cikin mutum 20 da ke ofishinsa, waɗanda nasu ya kama daga kashi 33 zuwa 41. A dala ya fi su biya nesa ba kusa ba, ya biya kusan miliyan 7. Wannan shi ne tambayarka a dunƙule: ya fi biya, kuma ya fi samun sauƙi, duka a lokaci ɗaya.

Ba a nan gizo yake saƙar ba ma. Babbar tambaya ita ce wa zai cike giɓin. Gwamnati in ta yafe kuɗi, hanya uku gare ta: ta ƙara wani harajin, ta rage abin da take kashewa, ko ta ci bashi, wanda shi ma ɗaya daga cikin biyun farko ne aka ɗage zuwa gaba da kuɗin ruwa a kai. Koma kan mutanenmu uku. An yafe 37,100. A ce an cike ta hanyar rage ayyukan da su ukun suke amfana da su daidai wa daida, kowa ya rasa abin da ya kai 12,367. Na farko an ba shi 100 an karɓe 12,367. Na biyu an ba shi 2,000 an karɓe 12,367. Na uku ya fita da ribar 22,633. Mutum biyu cikin uku sun yi asara a dokar da aka ce ta rage wa kowa haraji. Kuma na yi sassauci da na ce daidai wa daida, don makarantar gwamnati da asibitin gwamnati ba attajiri ne ya fi dogara da su ba.

Wannan ba zancen allo ba ne kawai. A kasafin farko na gwamnatin Margaret Thatcher ta Ingila a 1979, ministan kuɗi Geoffrey Howe ya sauke matakin ƙoli daga kashi 83 zuwa 60, ya sauke matakin gama-gari daga 33 zuwa 30, a kasafin nan dai ya ɗaga VAT daga kashi 8 zuwa 15. Kowane mai biyan harajin albashi ya ga ragi a takardarsa, sannan ya je kanti ya mayar. Na sama kaɗan ya mayar daga abin da ya samu, na ƙasa wanda ragin bai taɓa shi ba sai dai ya biya ƙarin. A Amurka kuma, da aka zo dawwamar da ragin 2017 a watan Yulin 2025, an haɗa dokar da zaftare kuɗin kula da lafiyar marasa ƙarfi da na tallafin abinci. Ofishin kasafi na majalisar dokokin ƙasar, wanda ba na kowace jam'iyya ba ne, ya lissafa cewa in an haɗa duka, kashi ɗaya bisa goma na jama'a mafi ƙarancin samu za su yi asara, na sama kuma su ci riba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Za ka ce, kuma ya kamata ka ce: to in ragin ya sa masu kuɗi suka zuba jari, tattalin arziki ya bunƙasa, aiki ya samu, ai giɓin zai cike kansa kuma talaka ya amfana. Wannan hujja tsohuwa ce kuma tana da tushe. Ibn Khaldun ya rubuta a Muƙaddima tun 1377 cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa da yawa, a ƙarshenta haraji ya yi yawa abin da ake tarawa ya ragu, don mutane sun karaya da nema. Shugaban Amurka Ronald Reagan ya ambace shi da suna a 1981 yana kare nasa ragin. Masanin tattalin arziki Arthur Laffer ya zana wannan tunani a kan ƙyallen goge baki a wani gidan cin abinci a 1974: in haraji sifili ne ba a tara komai, in kashi 100 ne ma ba a tara komai, saboda haka akwai wani wuri a tsakiya da in an wuce shi ƙarin haraji rage kuɗin shiga yake yi. Ba wanda yake musun zanen. Rigimar ita ce ina wurin yake, kuma ƙasar da ake magana a kanta ta wuce shi ko ba ta kai ba.

Lokacin da Ingila take karɓar kashi 83 a kan albashi, har 98 a kan ribar jari, ni ba na shakkar an wuce gona da iri. Amurka ma ta yi kashi 91 a kusan dukkan shekarun 1950, ko da yake sai samun mutum ya haura dala 200,000 na wancan zamani yake shiga wannan mataki, kuma ƙofofin zillewa sun yi yawa har kaɗan ne suka biya shi da gaske. Sauke irin wannan zuwa 70 a 1965, ko zuwa 50 a 1982, abu ne da ake iya karewa. Amma sauke 91 zuwa 70 daban, sauke 39.6 zuwa 37 daban. A na farko, wanda yake tsira da 9 cikin kowane 100 na ƙarin samunsa ya koma tsira da 30, ya ninka fiye da sau uku, dole ya sake lissafin rayuwarsa. A na biyu ya tashi daga 60.4 zuwa 63. Wa zai gina masana'anta saboda wannan? Masana tattalin arziki Peter Diamond da Emmanuel Saez sun ƙiyasta a 2011 cewa matakin ƙolin da zai fi tara wa Amurka kuɗi, in an haɗa dukkan haraji, yana wajen kashi 73. Wasu masana suna ganin ya yi yawa, amma da wuya ka samu mai bincike na gaske da zai ce a kashi 37 ragi yana biyan kansa.

An kuma gwada. Jihar Kansas ta Amurka ƙarƙashin Gwamna Sam Brownback ta yi gagarumin ragi a 2012, har ta yafe harajin ribar ƙananan kamfanoni gaba ɗaya, da alkawarin bunƙasa. Bunƙasar ba ta zo ba, asusu ya rame, aka taɓa kuɗin hanyoyi, makarantu suka shiga matsi, aka ƙara harajin sayen kaya a 2015. A 2017 majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyar gwamnan ne suka fi yawa a cikinta, ta soke mafi yawan ragin duk da ƙin amincewarsa. Masu bincike David Hope da Julian Limberg sun bi sawun manyan rage harajin masu kuɗi a ƙasashe 18 masu arziki tsawon shekara 50, suka fitar da sakamako a 2020: kason masu kuɗi na jimlar samun jama'a yana ƙaruwa, amma ba a ga wani tasiri na a zo a gani a bunƙasar tattalin arziki ko rage rashin aiki ba. A Satumban 2022 gwamnatin Liz Truss a Ingila ta sanar da soke matakin kashi 45 tare da wasu ragin da za a biya da bashi. Fam ya faɗi warwas, babban bankin Ingila ya shiga tsakani, aka janye maganar cikin kwana 10, ita kuma ba ta cika kwana 50 a kan mulki ba. Ba talakawa ne suka kayar da shirin ba, kasuwar masu ba da rance ce.

Harajin kamfanoni ne inda hujjar jari ta fi ƙarfi, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa duk ragi ga kamfani kyauta ce ga attajirai. Kamfani ba ya jin zafin haraji, mutane ne suke ji: masu hannun jari, ko ma'aikata, ko masu saye. Ofishin kasafin majalisar Amurka yana ɗora kashi 75 a kan masu jari, 25 a kan ma'aikata. Bayan 2017 binciken da aka yi ya nuna jarin kamfanoni ya ƙaru da gaske. Abin da bai samu ba shi ne ƙarin dala 4,000 a shekara ga kowane gida da masu ba fadar shugaban ƙasa shawara suka yi alkawari, abin da ya shiga albashi bai kai ko kusa ba. Kuma ba wa kamfani rangwame a kan sabuwar na'urar da zai saya gobe ya fi jawo jari a kan sauke harajin ribar da yake ci daga masana'antar da ya gina shekara 20 da suka wuce.

Haka nan ba duk harajin da aka rubuta sunan mai kuɗi a kansa ne yake sauka a kansa ba. A 1990 Amurka ta sa kashi 10 a kan abin da ya haura dala 100,000 na farashin jiragen ruwan shaƙatawa. Masu kuɗi suka rage saye, ga kuma tattalin arziki yana cikin koma baya a lokacin, masu ƙera jiragen suka yi ta rasa aiki, aka soke shi a 1993. Faransa ta gwada kashi 75 a kan albashin da ya haura yuro miliyan 1 zamanin François Hollande, ya tara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aka bar shi ya mutu bayan shekara biyu. Denmark da Sweden kuma, waɗanda ake buga misali da su wajen daidaito, VAT ɗinsu kashi 25 ne kuma matsakaicin ma'aikaci yana biyan haraji mai nauyi. Daidaitonsu ya fi fitowa daga abin da suke yi da kuɗin. Wanda yake son ayyukan gwamnati irin nasu amma yana cewa attajirai kaɗai za su biya, shi ma lissafinsa bai fita ba.

Saura kalmar adalci ita kanta, wadda alƙalami ba ya yanke ta. Akwai masu ganin kowa ya biya daidai da amfanin da yake samu daga hukuma. Ko a nan ana iya tambaya: wa ya fi amfana da kotun da ke kare kwangila, da 'yan sandan da ke tsare kadara, da ma'aikatan da makarantar gwamnati ta koyar, mai dukiya ko marar ita? Akwai masu ganin kowa ya biya kashi ɗaya, kamar yadda Estoniya ta fara a 1994 da Rasha a 2001 da kashi 13, ko da yake Rasha ta koma mataki-mataki daga 2021. Akwai kuma masu bin masanin falsafa John Stuart Mill, cewa abin da za a daidaita shi ne zafin da kowa ya ji. Kashi 10 na mai 20,000 daga kuɗin haya da magani yake fita, kashi 10 na mai miliyan daga ajiya yake fita. Adam Smith, wanda masu son kasuwa suke ɗauka uba, ya rubuta a 1776 cewa mutane su biya gwargwadon ikonsu, ya kuma ƙara da cewa ba laifi ba ne masu arziki su ba da ɗan abin da ya fi gwargwadon samunsu. Abin da kusan kowa ya ƙi shi ne kowa ya biya kuɗi iri ɗaya. Thatcher ta gwada harajin kai a Scotland a 1989, a Ingila da Wales a 1990, inda mai katafaren gida da mai sharar titi a ƙaramar hukuma ɗaya suke biyan abu ɗaya, in ban da rangwame ga ɗalibai da marasa ƙarfi. A ƙarshen Maris na 1990 Landan ta kama da tarzoma, miliyoyi suka ƙi biya, kafin ƙarshen shekara ta sauka daga mulki.

Ni ina tare da Mill, kuma ba na ɓoyewa. Amma ko da kana tare da masu kashi ɗaya, ka lura cewa matsayinka ba ya goyon bayan tsarin da Buffett ya biya 17.4 ma'aikatan ofishinsa suka biya sama da 30. Mai son kashi ɗaya na gaskiya shi ya kamata ya fi kowa matsa wa a daidaita harajin riba da na albashi.

Kuma gwamnatin da ta ƙudura yafe wani adadi tana da zaɓi, shi ya sa "dole nasa ya fi yawa" ba dole ba ne. In ta ɗaga adadin farko da ba a yi wa haraji, duk wanda ya wuce layin yana samun kusan abu ɗaya a kuɗi, wanda a kashi ya fi yi wa na ƙasa amfani. In ta bi hanyar da Amurka ta buɗe a 1975, inda ma'aikaci mai ƙaramin albashi yake karɓar cikon kuɗi daga hukumar haraji ko da harajinsa bai kai ba, ta kai ga wanda ragin mataki ba zai taɓa isa gare shi ba. In ta sauke matakin ƙoli kaɗai, ba wanda zai ga ko sisi sai wanda samunsa ya kai can. Kuɗin da asusu zai rasa yana iya zama ɗaya a duk ukun.

Akwai ma ƙarin harajin da ba a sanarwa. In farashi yana hawa, albashi yana binsa, amma layukan matakan haraji suna nan inda suke, mutane suna hawa mataki ba tare da sun ƙara arziki ba. Amurka ta ɗaure matakanta da hauhawar farashi tun 1985 saboda haka. Ingila ta daskarar da adadin da ba a yi wa haraji a fam 12,570 tun 2021, cikin shekarun da farashi ya yi tashin gwauron zabi, sai masu ƙaramin albashi da 'yan fansho da yawa suka tsinci kansu cikin masu biya ba tare da majalisa ta ɗaga kashi ko ɗaya ba. Don haka in an kawo maka teburin rabon wani ragi, nemi layin da ya nuna canjin abin hannu da kashi, duba ko an haɗa dukkan haraji ko na kuɗin shiga kaɗai aka ɗauka, sannan ka juya shafin kasafin ka ga layukan da aka daskarar da ayyukan da aka zaftare a wannan shekarar.